Mai Aljihun Ƙwarya

Ni ban taɓa hawa babur a Ingila ba. Na fara da wannan ne don kada wani ya ɗauka ni ɗan gayu ne. Na yi shekaru ina tara jaket ɗin fata irin na masu babur, har suka cinye ɗaki guda a gidana, amma ko keke ba ni da shi. A bas nake zuwa aiki, a bas nake dawowa.

Aikin nawa gwanjo ne. Gwanjon nan da ake yanka dilarsa a kasuwa a gida mutane su yi caa a kai, to mu ne muke ɗaure shi. Wani ƙaton sito ne a bayan unguwar Small Heath a Birmingham, rufin kwano, ba tagar kirki. Kayan da Turawa suka gaji da su ake zubowa a kan bel mai tafiya, mu kuma muna tsaye gefe da gefe muna tsinta. Wannan na Afirka, wannan tsumma. Abin da yake fata ba ya shiga dilar Afirka, don wa zai sa fata a zafin Kano? Kwando daban ake jefa shi. Ni aka bar wa kwandon, saboda ubana majemi ne, kuma tun ban isa riƙe wuƙa ba nake taka fata a ruwan bagaruwa. Boko ban yi nisa ba, a aji biyu na sakandare na tsaya. Amma ka ba ni fata ido a rufe, zan faɗa maka ta akuya ce, ko ta tunkiya, ko leda ce aka shafa wa fenti.

'Ya ɗaya gare ni. Tana goye muka zo ƙasar nan, kuma Allah bai ƙara mana ba. Ba zan rubuta sunanta a nan ba, kamar yadda ban taɓa kiranta da shi ba. 'Yar fari ce. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi a gaban mutane, ba ya yabonsa. Ubana har ya koma ga Allah "kai" yake ce wa yayana, in kuma zancensa yake da wani sai ya ce "wancan". Amma ranar da yayan nawa ya faɗo daga mota ya karye, da idona na ga tsohon a bayan ramin jima ya haɗa kai da gwiwa yana kuka. Ba wanda ya taɓa ce mana ba ya son ɗansa. Kowa ya sani.

Uwar yarinyar ta yi kunyar da farko, da muka zo nan ta yar. Sai ka ji tana ƙwala sunan daga kicin kamar mai talla. Ni ban yar ba. In na je ɗaukarta a makaranta malama ta ce wace yarinya, da yatsa nake nunawa. In muka je wajen likita suka tambayi suna, baƙi-baƙi nake faɗa musu kamar mai koyon karatu. A gida kuwa "ke" ta ishe mu.

Maganar rabuwata da uwarta ba zan shiga ba. Ta sami aiki a Manchester, ta tafi da yarinyar, aka bar ni a flat ɗin council, wato gidan hayar hukumar gari, mai ɗaki biyu. Ɗaya nawa, ɗaya nata. Ran Juma'a da yamma yarinyar takan hau doguwar bas ta zo, ta koma Lahadi. Ba wata hira muke ba. In dafa shinkafa da wake, ta ci, ta ce yaji ya yi yawa, ta shige ɗakinta. Amma ina jin motsinta ta bango, kuma wannan motsin shi ne duk abin da ya rage mini na iyali. Abin da nake so a duniya bai wuce ta ci gaba da zuwa ba.

Tana wajen shekara sha shida lokacin da jaket ta farko ta shigo gidan. A kwando na tsince ta, baƙa, mai nauyi kamar ɗan akuya, na yi magana da manaja ya bar mini. Don sanyi na ɗauko, ba don komai ba. Na rataye a bayan ƙofa. Ran Asabar ina wanke-wanke sai na ji dariya daga falo, irin wadda rabona da ji tun tana ƙarama. Na leƙa. Ta zura jaket ɗin a kan doguwar rigarta, hannayen sun haɗiye yatsunta, tana juyi gaban madubi tana tsuke baki kamar 'yar daba.

Da Turanci take mini magana, ni in amsa da Hausa. Ta ce, "Baba, kalli! Da akwai daidai ni, ko barci zan yi ba zan cire ba."

Na ce, "Ke, cire. Warin taba take."

Ta cire. Ni kuma na koma kan kwanukana, amma maganar ta riga ta zauna.

Akwai wani tsohon Bature a kasuwar tsumma ta tsakiyar Birmingham, yana sayar da tsofaffin kayan masu babur. Haƙoran gabansa babu, ya ce kwalta ce ta karɓe su tun yana saurayi. Na kai masa jaket ɗin in ji ko ana samun ƙarama. Yana gani ya ajiye shayinsa.

Ya ce, "A ina ka sato wannan?"

Na ce, "Inda kakanninka suka sato fatar."

Ya yi dariya har da tari. Daga ranar muka saba. Shi ya koya mini abin da ke hannuna. Ya ce wani baduku ne a Birmingham ɗin nan, bayan yaƙin duniya, yake ɗinka su a wani ɗan shago a ƙarƙashin gadar jirgi, shi da matarsa. Bai taɓa manna sunansa a jikin riga ba, don haka ba a gane aikinsa sai da alamu. Fatar akuya ce mai kauri. Zif ɗin gaba a karkace yake, daga kafaɗa ya gangaro ƙugu. Shafin ciki jan ulu ne. Bel ɗin tsuke ƙugu a gefe yake, ba a gaba ba, don kada ƙarfen ya karce tankin mai. Sai babban aljihu a ƙirji na sa taswira, gefe ɗaya a miƙe, ɗaya a zagaye. Turawa suna da sunan da suke kiransa, ni dai rabin ƙwarya na gani, na sa wa rigar suna mai aljihun ƙwarya. Alama ta ƙarshe sai ka ɗaga kwala. A ƙasanta, inda ba mai gani, akwai ɗinki ɗaya da jan zare a cikin baƙi. Masu kwaikwayo sun kwaikwayi komai, wannan ne ba su sani ba.

Na ce, "Ta mata fa?"

Ya ce, "Akwai. Zif ɗinta ta ɗaya gefen yake karkata, ƙugun a tsuke. Amma mata nawa suka hau babur a lokacin? Ni sau ɗaya na gani, a jikin wata, kuma na nemi aurenta ta ƙi. Matarka za ka saya wa?"

Na ce, "Wata ce dai."

Ya kashe mini ido. Na bar shi da tunaninsa.

Haka na shiga nema. Duk ranar da ba aiki ina shagunan sadaka, ina filayen da ake buɗe bayan mota a baza kaya, ina gidajen da aka yi mutuwa ana kwashe komai. Na sayi ta bogi kafin in gane ta bogi ce. Na sayi ta gaske wadda asu ya cinye shafinta. Na sayi ƙarama ina murna, na kai wa tsohon, ya ce ta namiji ce gajere, in duba zif. Ban yar da ko ɗaya ba. Wasu don hannuna ya saba, wasu kuma don tsohon ya ce masu irin wannan kaya ba sa sayarwa, musaya suke yi, sai kana da abin bayarwa ake kula ka. Da yamma in zauna in shafa musu mai da tsumma, in bi ɗinki da farce. Ba zan ɓoye ba, abin ya shige ni. Wata fatar in ka miƙe ta gaban taga za ka ga siraran tabon ƙaya, irin wanda akuyar da ta yi kiwo a dajinmu take samu. Ko tamu ce, ko ba tamu ba ce, Allah ya sani. Ni dai nakan daɗe ina kallo.

Ɗakina yana da danshi, bango har baƙi yake yi, fata kuwa da ta sha danshi sai fumfuna. Ɗakinta ne busasshe. Can na riƙa ajiye su, kafin Juma'a in kwashe. Wata Juma'a aka riƙe mu a sito, ta riga ni isowa, tana da mabuɗinta. Na same ta tsaye a ƙofar ɗakin da jaka a kafaɗa. Jaket a kan gado, jaket a kan kujerar karatunta, jaket a jikin ƙofar wadrob.

Ta ce, "Na wane ne waɗannan?"

Me zan ce? In ce saboda ke ne, duk garin nan na karaɗe don wata magana da kika yi kina dariya? Uba ya faɗa wa 'yar fari haka, ido da ido? Bakina ba zai iya ba.

Na ce, "Kaya ne. Bari in kwashe."

Ta ce, "Bar su. Sun fi ni buƙatar ɗakin."

A doguwar kujera ta kwana. Daga nan zuwan ya fara ja baya. Yau jarrabawa, gobe ciwon kai, jibi bikin ƙawa. Har ta shiga jami'a, zuwan ya tsaya cak. In na buga waya ta ɗauka, mu gaisa, in ce ya karatu, ta ce lafiya, shi ke nan.

Shekarun nan kuwa su ne gwamnati ta ɗaure bakin jaka. Ɗakin karatun unguwarmu aka rage masa kwanaki. A sito aka daina ba mu aiki na dindindin, sai da safe a bugo a ce ka zo ko kada ka zo. Ana cikin haka council suka fito da maganar ɗaki. Wai duk mai ɗakin da ba a kwana a ciki, za a zaftare masa tallafin haya, ko ya koma ƙaramin gida. Na je na ce ɗakin 'yata ne. Wata yarinya a bayan gilashi ta ce 'yar da take zaune wajen uwarta ba ta cikin lissafi. Na ce to in ta zo a ina za ta kwana? Ta ce ta fahimci damuwata. Kowa a ƙasar nan ya fahimci damuwarka, ba mai taɓa ta.

Na ƙi tashi. Na kashe hitar ɗumama ɗaki, na koma shan gari da rana. Jaket ɗin duk na sauke su daga gadon na rataye a bango, na shimfiɗa sabon zanen gado. Ina ganin in na samo ta matan nan na kai mata, za ta gane abin da bakina ya kasa faɗa, ta dawo ɗakinta.

Akwai wata mata 'yar Jos a Manchester, Kirista, ƙawar uwar yarinyar tun muna tare. Aikin kula da tsofaffi take, gida-gida. Ita kaɗai ce a ɓangaren can ba ta yanke ni ba. Madam nake ce mata, ita kuma ta sa mini Baban Jaket. Wata safiya ta bugo.

"Baban Jaket, kana raye ko fatun sun cinye ka?"

"Ina nan, Madam. Ya coci?"

"Coci lafiya, muna yi maka addu'a ka yi hankali. Ji nan. Wata tsohuwata za a kai ta gidan tsofaffi, an rage mata awannin kulawa, ba za ta iya zama ita kaɗai ba. Muna kwashe wadrob na ga wata baƙar riga mai aljihu irin wanda ka ishe mu da shi. Jan ciki. Nauyi kamar gawa."

Na ce, "Zif ɗin ta wane gefe ya karkata?"

"Yesu! Ni tela ce? Ka hau bas ka zo ka gani."

Washegari na bar aikin ranar na tafi. Gidan ɗan ƙarami ne, kwalaye ko'ina. Tsohuwar tana kan kujera an lulluɓe mata ƙafa da bargo, ta ƙanƙance kamar tsuntsuwa, amma idon nan a buɗe. Madam ta ɗauko rigar ta ɗora mini a hannu. Tun kafin in duba na ji. Fatar akuya ce, ta sha jiki har ta yi laushi a gwiwar hannu. Zif ɗin ya karkata ta ɗaya gefen. Ƙugu a tsuke, bel a gefe, aljihun ƙwarya ɗan daidai. Na juya baya ga matan nan biyu sannan na ɗaga kwala, don ban san abin da fuskata za ta yi ba. Jan zaren yana nan.

Tsohuwar ta ce, "Ka san abin da kake dubawa. Matar badukun ce take wannan ɗinkin, don ta gane waɗanda suka bi ta hannunta. Da hannunta ta auna ni."

Ta ce da wannan rigar ta je bakin teku a kan babur ɗinta, ubanta ya yi wata bai yi mata magana ba. Ta yi dariya. Sannan ta ce, "Ba za ta shige ka ba. Wa za ka ba?"

Na ce, "'Yata."

"Ya sunanta?"

Na sunkuyar da kai ina shafa kwalar. Ta ɗauka ban ji ba, ta sake tambaya da ƙarfi. Madam ce ta faɗa mata. Tsohuwar ta maimaita sunan a hankali, ta ce yana da daɗi. Ta ce in ɗauka, ba ta son komai, sharaɗinta ɗaya, yarinyar ta riƙa sawa. Ba ta yarda a rataye ta a bango ana kallo ba.

Muna fita Madam ta tare ni a bakin ƙofa, ta riƙe ƙugu.

"Malam, har yanzu kana wannan abin? A gaban tsohuwar da ba ta san ka ba ma?"

Na ce, "Ba ki san al'adarmu ba."

"Ni? A Zariya na yi makaranta, na san ta sarai. Amma can in uba ya kau da kai, kaka tana nan ta ɗauki yaro ta yi masa rawa, goggo tana nan, gida cike. Nan wa yarinyar nan take da shi? Bango?"

Na ce, "Ta san ni ubanta ne."

"To. Zan kira ta in ce kana gari. Saura kuma ka je ka tsaya mata kamar sandar lantarki."

A Oxford Road muka haɗu da la'asar, wani shagon shayi kusa da asibiti, inda take koyon aikin jinya. Titin nan bas na bin bas, ɗalibai kamar an buɗe dam. Na hango ta tun daga nesa. Ta yi tsawo, ta rame kaɗan, tafiyar uwata sak. Ta zauna, ta gaishe ni da ladabi, kamar yadda ake gaida abokin uba. Na tura mata ledar a kan tebur.

Ta buɗe. Ta daɗe tana kallo. Na ga ta tuna.

Na ce, "Gwada."

Ta miƙe ta cire rigar sanyinta ta zura. Kafaɗa ta zauna, hannu ya tsaya daidai wuyan hannu, zif ya hau ba gardama. Wata Baturiya a teburin gefe ta ce kai, ta yi kyau. Yarinyar ta sa hannu a aljihun ƙwaryar, ta fitar, ta shafa kwalar. Idonta ya kawo ruwa.

Ta ce, "Ya aka yi ka san awona? Ko kallona ba ka yi."

Na ce, "Ina yi."

"Waɗancan na ɗakina, duk wannan kake nema?"

Na gyaɗa kai. Na ce, "Ɗakin yana nan. Na gyara. An sa sabon zanen gado."

Ta zauna da rigar a jikinta. Ta goge ido da bayan hannu. A raina na ce shi ke nan, an gama, Juma'a tana tafe. Har na fara tunanin in rage yaji.

Sai ta juya harshe zuwa Hausa. Hausarta a karye take, ba ta cika yi ba, na san kuma don kada in sami wurin ɓuya ta yi.

"Baba. Faɗi sunana."

Na ce, "Ke, sha shayinki, zai huce."

"Faɗi sunana, sau ɗaya. In ka faɗa zan zo Juma'a."

Na ce, "Kin san ke ta fari ce. Kakanki ma bai taɓa..."

Ta koma Turanci. "Na sani, Mama ta yi mini bayani, na karanta ma. Amma kana kiran sunan mai shagon nama. Kana kiran sunan direban bas. Kyanwar maƙwabta ma da sunanta kake kiranta, na ji ka da kunnena kana ba ta kifi. Ina aji uku malama ta tambaye ni ko kai uban riƙo ne, don ta ga ba ka san sunana ba. Ni ban ce ka canza addini ba. Suna ne. Kai ka raɗa mini shi."

Gaskiya ne, ni na zaɓa. A kunnen liman na faɗa, a hankali, ranar suna.

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sunan yana nan a kan harshena, baƙi-baƙi, na san shi fiye da nawa. Amma ji na yi kamar an ce in tuɓe a tsakiyar shagon nan. Ji na yi ubana yana tsaye a bayana. Tana kallon bakina, ni ina kallon tebur.

Abin da ya fito shi ne, "Ai kin san sunanki."

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da ya fi mini. Ta zuge zif ɗin a hankali, ta cire rigar, ta ninke ta yadda ake ninke kayan shago, ta mayar cikin leda. Ta ce, "Na gode, Baba. Tana da kyau sosai." Ta sa tata rigar, ta ce tana da aikin yamma, ta fita. Ta gilashi na ga ta tsaya a layin bas. Da na fita na kira ta da ta ji, tsakaninmu ba nisa. Na zauna har bas ɗin ya zo.

Har yau ban ce na yi laifi ba. Abin da aka yi mini tarbiyya da shi na yi, kuma don girmanta a wajena na yi. Ƙasar ce ba ta da wurin ajiye irin wannan. Amma wannan bayanin ba ya kwana a ɗaki.

Na ƙara riƙe flat ɗin har sanyi ya wuce, sannan na gaji. Na kai wa council mabuɗinsu. Jaket ɗin na kira tsohon kasuwa ya zo da mota ya kwashe. Da ya ga ta matan, ya ɗaga kwala, ya zauna a bakin gadon da ita a hannu. Ya roƙe ni in bar masa. Na ce ba tawa ba ce. Na so in mayar wa tsohuwar, tunda ban cika sharaɗinta ba, Madam ta ce in bari, ta daina gane mutane. Rigar tana nan ƙarƙashin gadona a naɗe cikin zane. Yanzu a Handsworth nake, ɗaki ɗaya a saman bene, kicin da bayi na haɗaka da wasu mutum uku. Ko baƙo ya zo ba inda zai miƙe ƙafa.

Auren yarinyar a waya uwarta ta faɗa mini. Na wakilta ƙanena a gida ya karɓi sadaki, aka ɗaura a can. Bikin da suka yi a Manchester an ce in zo, na je, na zauna a baya, na ci shinkafa, na dawo.

Bara, bayan sallar Juma'a a Small Heath, ina neman takalmina a bakin masallaci, wani ɗalibi ɗan Katsina da yake karatu a Manchester ya riƙo hannuna da hannu biyu.

"Baba, barka! Ashe an samu ƙaruwa. Matata ta je suna, ta ce jaririyar kamarku ɗaya. Kun yi sabuwar amarya ke nan."

Na ce, "Alhamdu lillahi. Barkanmu dai."

Ban san an haihu ba. Na tsaya da takalmi ɗaya a hannu ina murmushi. Jika kuwa, ku da kuka sani, ba kunya tsakani. Jika sai ka kira sunanta da safe ka kira da yamma, ka ce matarka ce, ka ce ta yi maka rowar tuwo, ka ɗaga ta sama a gaban kowa ba mai cewa komai. Wannan bakin nawa zai iya. Tun ina saurayi na iya wasan nan.

Ɗalibin ya ce, "Af, matar tawa ta faɗa mini sunan na manta. Me aka sa mata, Baba?"

Na sunkuya na sa takalmina. Na ce, "Allah dai ya raya."

Ya ce amin.